Duba gyaɗa ba tare da an tuge ta ba

Ranar Asabar na raka Baba gonarsa ta bayan gari, nan kusa da Ringim. Ya tsuguna ya tuge gindin gyaɗa ɗaya, ya kakkaɓe ƙasar, ya fasa ƙwanso da farce. "Da saura," ya ce, ya yar. Wannan gindin kuwa nasa ya ƙare.

Ni malamin bayoloji ne a sakandaren ƙauye, sai na ce, "Baba, ai haka masu bincike suka daɗe suna yi wa ɓeraye." In sun saka wa ɓera ƙwayar gado don magani, kafin su san ta kama aiki sai sun kashe shi sun duba naman. Gobe kuma wani ɓeran.

Wajen 1995 su Ronald Blasberg a birnin New York, daga baya su Sam Gambhir a Kalifoniya, suka samo dabara. Suna haɗa ƙwayar maganin da wata ƙwayar gado, 'yar rahoto, da aka ciro daga ƙwayar cutar hapis mai sa ƙuraje a leɓe, ana kiranta HSV1-tk. Sai a yi wa dabbar allurar wani sinadari mai fitar da ɗan tururin nukiliya. Sinadarin yana zaga jiki, ya shiga ya fita. Amma duk inda 'yar rahoton take aiki, tana liƙa masa fosfet, sai ya maƙale, ba fita. Na'urar PET, mai hango wannan tururin, ta ɗauki hoto daga waje, wurin ya yi haske. Ɓera na nan da ransa, mako mai zuwa a sake duba shi. A 2001 har an gwada a kan masu ciwon dajin ƙwaƙwalwa a Jamus.

'Yar rahoton da ta fi burge ni ita ce ta maƙogwaro, don Goggo ta yi fama da maƙoƙo shekara da shekaru. Ƙwayar gadon da ke sa halittar nan ta wuya ta zuƙi aidin, Nancy Carrasco da abokan aikinta suka gano ta a 1996. Yanzu ana dasa ta a wani sashen jiki, shi ma ya koyi zuƙar aidin, in an ba shi aidin mai tururi hoto ya nuna.

Baba ya saurara yana tauna ɗanyar gyaɗa. "To, Malam, yaushe za ta iso mu?" (Tun da na fara koyarwa yake tsokanata da Malam.)

Nan bakina ya yi nauyi. Fulorin-18, abu mai fitar da tururin da aka fi amfani da shi a allurar, duk minti 110 rabin ƙarfinsa ke tafiya. Bayan awa 6 saura kamar kashi ɗaya cikin goma. Dole injin da ke haɗa shi ya kasance kusa, da wutar da ba ta ɗaukewa. Na ce kafin motar Kano ta cika a tasha ranar da ba kasuwa, rabi ya tsere.

Ya yi dariya, ya matsa kunya ta gaba, ya sake tuge wani gindin.