Masaukina a tsibiran Lofoten

Alhamdu lillahi, na dawo lafiya daga tsibiran Lofoten da ke arewacin Norway, amma har yanzu ƙarnin busasshen kifi bai bar rigar sanyina ba. Daga birnin Bodo na Norway muka shiga jirgin ruwa, muka shafe fiye da awa 3 a teku kafin mu sauka a tashar Moskenes da ke tsibiran. Na yi sakaci ban kama masauki tun daga gida ba, alhali a watan Yuni baƙi sun cika ko'ina, sai da na tambaya wuri huɗu a garin Reine kafin wata dattijuwa ta ba ni ɗaki. Irin ɗakin masuntan da ne da suke kira rorbu, jan gidan katako da aka ɗora a kan turaku a bakin ruwa, ina kwance ina jin igiyar teku tana bugawa a ƙarƙashina. Ta taga kuwa ina hangen rumfunan itace da ake shanya kifi tun daga Fabrairu, aka kuma shaida mini cewa kawunan kifin nan da ke rataye Najeriya ce babbar kasuwarsu. Lokutan salla ne suka fi ɗaure mini kai, domin rana ba ta faɗuwa ko kaɗan, don haka na bi lokutan Makka kamar yadda Musulmi da yawa a arewacin ƙasar suke yi.