Shekarar da na haɗa wa oga takardun neman SAN

Duk shekara in aka fitar da sunayen lauyoyin da aka ba SAN sai ka ga Facebook da gurup-gurup ɗinmu na lauyoyin Gombe sun cika da hotuna da "muna taya murna", wanda ya san mutumin da wanda bai taɓa haɗa ido da shi ba kowa sakawa yake. Ni ma ina sakawa fa. Amma ni in na ga hoton ba rigar silikin da masu SAN ke sakawa nake fara tunawa ba, kwalayen takardu nake tunawa, saboda akwai shekarar da ogana ya ɗora min aikin haɗa masa takardun neman wannan muƙami tun daga farko har aka miƙa.

Ga wanda ba ɗan harkar ba, SAN shi ne muƙami mafi girma da ake ba lauya a Najeriya, an fara shi a 1975 da Rotimi Williams da Nabo Graham-Douglas, mace ta farko kuma Folake Solanke ce a 1981. Kwamitin LPPC, mai tantance lauyoyin da suka cancanci muƙamin, shi ke bayarwa, Alƙalin Alƙalan Najeriya ke shugabantarsa, kuma sai ka shekara 10 da zama lauya kafin ma ka ɗauki fom. In ka samu, kujerar gaba taka ce a kotu, kuma shari'arka za a fara kira ko da wani ya riga ka zuwa tun da sassafe. A lokacin da muke wannan aiki Mai Shari'a Ibrahim Tanko Muhammad, mutumin Giade ta jihar Bauchi, shi ke kan kujerar Alƙalin Alƙalan, sai wani abokin oga yake ce masa ai bana namu ne a sama, oga ya yi dariya yace "Alhaji kwamitin nan takarda suke karantawa, ba gari ba."

To takardar kuwa ita ce aikin. Ana so ka kawo hukunce-hukuncen da aka yanke a shari'o'in da kai ka gudanar, na Babbar Kotu, na Kotun Ɗaukaka Ƙara, da na Kotun Ƙoli, kowanne kwafi mai hatimin kotu, kuma sunanka ya fito ɓaro-ɓaro a ciki cewa kai ne ka tsaya. Ga shaidar biyan haraji, ga rasit na kuɗin izinin aiki da kowane lauya ke biya kafin ƙarshen Maris duk shekara, ga shaidar shari'o'in da ka yi wa marasa ƙarfi kyauta. Na je Jos neman tsofaffin hukunce-hukuncen ɗaukaka ƙara, na je Abuja, a wata kotu da ba zan kama suna ba sai da muka shiga sito ni da magatakarda muna ɗaga fayil-fayil da gara ta fara ci, na fito abayata duk ƙura kamar wadda ta dawo daga sussukar gero.

Anan na ga wani abu da ya tsaya min a rai. Akwai manyan shari'o'i da duk ofis ya san oga ne ya rubuta komai nasu, amma ranar da aka saurara yana wata kotun sai ya tura ƙaramin lauya, to sunan yaron ne ya shiga hukuncin, dole muka ajiye su gefe. Akwai kuma akasin haka, kuma shi ya fi yawa wallahi, shari'o'in da ƙananan lauyoyi suka kwana suna bincike suna rubutu, suka ɗauko jaka suka zauna a baya, amma ko sunansu babu a ko'ina. Idan babban lauya ya miƙe gaban alƙali ya gabatar da kansa, kalma kaɗan ce zai ƙara yace tare da ni akwai wane da wance, shikenan sunan ya shiga rikodin kotu har abada. Wasu ogannin ba sa yi. Ba wai mantuwa bane kullum, wani ganin yake yaro bai kai ba. Ofishin da na fara aiki bayan na gama makarantar horon lauyoyi ta Bagauda haka muka yi ta zama, mai ofishin kuɗin mota kawai yake ba mu in ya ga dama, babu takardar ɗaukar aiki, in ka tambaya yace ai koyo kake, kuma duk zaman da na yi a wurin ban fito da hukunci ko ɗaya mai sunana ba.

Alhali sana'ar nan kacokan kan sunan mutum ɗaya take tafiya. Tun 2007 Kotun Ƙoli a shari'ar Okafor da Nweke ta ce takardar kotu da aka sa wa hannu da sunan kamfanin lauyoyi, wato wane da abokan aikinsa, ba ta da inganci, sai mutumin da sunansa ke cikin rajistar lauyoyi ya sa hannu. Shari'o'i da yawa sun rushe a kan wannan kaɗai. Hatimin NBA, wato ƙungiyar lauyoyin Najeriya, da muke mannawa a takardu shi ma sunan lauya ɗaya ne a jiki. In abu ya ɓaci kuma, kwamitin ladabtarwa na LPDC ba ofis yake kira ba, kai yake kira, yana iya yi maka gargaɗi, ya dakatar da kai, ko ya goge sunanka gaba ɗaya. To tunda hukunci da sunanka yake zuwa, me zai sa yabo ya tafi da sunan wani?

Sai batun duba ofis. Kwamitin LPPC na turo mutane su zo su ga ofishin mai nema da idonsu, ɗakin littattafai, yawan ƙananan lauyoyi, sauran ma'aikata, da littattafan kuɗi. Ogana dai Alhamdulillah ba a yi gaggawar komai ba sai fenti da muka sake, amma na ji labarin ofisoshin da sai ana saura kwanaki ake buga wa yara takardar ɗaukar aiki, har da aron littattafai. Allah ya kyauta.

Littafin kuɗin nan shi na fi koyon abu a kansa. Ƙa'idar aikinmu ta hana lauya haɗa kuɗin wanda yake wa aiki da nasa, asusu daban ake buɗewa, kuma sabbin ƙa'idojin 2023 da suka fara aiki 1 ga Janairun 2024 sun ƙara da batun sa ido kan halasta kuɗin haram. Da yawa daga cikin waɗanda ake kai wa LPDC a kan kuɗin mutane ne, lauya ya karɓo diyya ko kuɗin gida ya ce bari in juya kafin wata ya ƙare. Kafin a ba da SAN ana buga sunayen waɗanda suka tsallake a jarida a ce duk mai ƙorafi ya kawo, to nan ne tsohon laifi ke tashi. Ina haɗa fayil na ci karo da wata tsohuwar shari'ar fili ta wasu magada daga wajen Kumo, kuɗin diyyarsu ta ofishinmu ya biyo, na ga oga ya sa kowane magaji ya dangwala a rasit gaban shaidu, har da wata tsohuwa da rabonta bai taka kara ya karya ba. Nace ranka ya daɗe har wannan ma? Yace "Barista, wanda kika raina shi ke rubuta ƙorafi."

Wani abu kuma da ya shafe mu nan musamman, yawancin aikin da ke shigo wa lauya a Gombe na kotunan yanki ne da na majistare, gado, aure, rikicin gona, beli. Aiki ne mai cin rai kuma shi ke taɓa talaka kai tsaye, amma ba ya shiga lissafin SAN sai in an ɗaukaka ƙara ta hau sama, kuma mai rigimar gona a Dukku ina ya ga kuɗin bin shari'a har Abuja. Zuwan reshen Kotun Ɗaukaka Ƙara nan Gombe ya rage wahala gaskiya, amma duk da haka lauyan Legas ko Abuja mai shari'o'in kamfanoni ya fi mu saurin tara abin da ake nema, kuma a ganina wannan ba yana nufin ya fi iya aiki bane.

Sunan oga bai fito ba a shekarar, ya ce a adana kwalayen za a sake nema. Ni kuma tun daga lokacin na sayi babban littafi, duk shari'ar da na tsaya sai na rubuta lambarta da kotun da ranar hukunci, kuma ina karɓar kwafi mai hatimi tun fayil ɗin yana kan tebur. Yanzu in na shiga kotu da 'yar bautar ƙasar da aka turo mana, ina faɗin sunanta cikakke bayan nawa, kuma in magatakarda ya rubuta ba daidai ba muna komawa a gyara kafin mu bar harabar.