Asfirin ɗina ya koma shunayya

Laraba.

Kwana tara ke nan da na buɗe shafin da zan rubuta dalilina na son karatun haɗa magunguna, har yau layi biyu ne a ciki, su ma ba su kwanta min ba. PharmCAS, wato tsarin da ake bi a nemi makarantun famasi a Amurka, haruffa 4,500 ta ba mutum ya faɗi ko shi wane ne. Da farko na raina gurbin. Yanzu ko 300 ban cike ba.

Da safe muka shiga ɗakin gwaji, yau asfirin aka sa mu haɗa. A takarda abin ba wuya: ka auna garin salisilik, ka zuba masa asetik anhaydirayid, ka ɗiga asid kaɗan, ka ɗora kwalbar cikin ruwan zafi. Daga nan sai ƙanƙara. Na daɗe ina kankare cikin kwalbar da sandar gilashi ba labari, can sai ga farare-farare sun fara fitowa kamar ƙananan allurai, warin tsami ya cika min hanci. Har na fara jin kaina. Abin da Felix Hoffmann ya haɗa a kamfanin Bayer a 1897, ga shi yau a hannuna.

Murnar ba ta je ko'ina ba. Akwai gwajin ferik kulorayid: in akwai ragowar salisilik da bai juye ba, ruwan sai ya rine. Na abokin aikina ya tsaya rawaya-rawaya abinsa. Nawa kuwa ɗigo ɗaya, sai shunayya shar. Na san inda na yi ɓarnar. Na wanke kwalbar ban jira ta bushe ba, shi kuwa anhaydirayid da ya ga ruwa sai ya bi ruwan ya bar aikin da aka aike shi. Gaggawa ce kawai.

Abin haushin, malamin ɗakin gwajin nan shi nake ta jan ƙafa in roƙa ya rubuta min takardar shaida. Huɗu ake iya turawa, kuma makarantu da dama suna son ɗaya daga malamin kimiyya, ɗaya daga famasis, wato ƙwararren mai haɗa magunguna. Tunda aka daina jarrabawar PCAT ta shiga makarantun famasi a 2024, a ganina nauyin ya ƙara komawa kan maki da waɗannan takardu. Na ce yau ko gobe duk ɗaya ne, na bi shi ofis da shunayyata.

"Malam, ina son in nemi wata alfarma, amma na ga ranar ba ta yi ba."

Ya tambaye ni abin da ya ɓata gwajin, na faɗa masa. Ya ce in rubuta hakan a rahoton yadda ya faru, in sake ranar Juma'a, in kuma turo masa takardar makina. Bai ce eh ba, bai ce a'a ba. Na ɗauka eh ce.

Da yamma na je kantin maganin da nake zuwa ganin aiki. Yawanci tsayuwa ce da kallo, ana ƙirga ƙwayoyi biyar-biyar a kan faranti, waya na ta ƙara. Wani dattijo ya zo karɓar wafarin, maganin hana jini daskarewa, ya ajiye kwalin asfirin a gefe, wai gwiwa ke damunsa. Ni ban ga komai ba. Famasis ɗin kuwa tuni ta ɗora hannu kan kwalin. Ta tambaye shi ko likitansa ne ya ce ya haɗa su, ya ce a'a. Ta tambayi gwajin INR ɗinsa na ƙarshe, mai auna saurin daskarewar jini, wanda ga yawancin masu shan wafarin ake son ya zauna tsakanin 2 da 3. Sai ta yi masa bayani a hankali, ba tsoratarwa: wafarin yana tare aikin bitamin K, asfirin yana hana ƙwayoyin jini mannewa, ga shi yana cin ciki. In suka haɗu, jini na iya ɓallewa a ciki mutum bai sani ba. Ta ce ya mayar da kwalin, ta kira ofishin likitan yana tsaye. Duka-duka bai fi minti huɗu ba.

Bayan ya fita ta juyo ta ce, "Ka ga abin da ya ajiye?" Na ce na gani. Ta ce, "To me ya sa ka yi shiru?" Ban da amsa. Da safen nan na zana siffar asfirin a littafina ba tare da na duba ba, amma da na gan shi a kwali kusa da wafarin, ko a jikina.

Yanzu sha ɗaya ta wuce. Na goge layi biyun nan, waɗanda suka fara da cewa tun ina yaro nake son taimakon mutane. Na fara da hannunta a kan kwalin. Na kai haruffa 1,100 kafin idona ya fara yaji.

Saura kwas ɗin ƙwayoyin cuta da na ƙididdiga ban yi rajistarsu ba, dole gobe in duba. Na rubuta a bayan hannuna da biro: busar da kwalba.