Ku zauna har su manta da kyamarar

Ƙannena masu son ɗaukar hoton mutane yadda suke, ba tare da sun gyara tsayuwa ba: abin da ya fi ɓata min lokaci a farkon wannan sana'a shi ne zaton cewa hoton gaskiya sai an sace shi. Nakan laɓe can nesa da dogon gilashi mai janyo abu kusa. Hotunan su fito tas, amma babu rai a cikinsu. Dogon gilashi yana matse fili, ya manne mutum da bangon da ke bayansa, kuma duk wanda ya kalli hoton zai ji cewa leƙe aka yi. Henri Cartier-Bresson, mai ɗaukar hoto ɗan Faransa, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masu ɗaukar hoto ta Magnum a 1947, ya yi yawancin aikinsa da ƙaramar kyamarar Leica mai gilashin milimita 50. Wannan gilashi ba ya janyo maka kowa, sai dai ƙafarka ta kai ka.

Za ku ce ai idan aka matso za a gan mu. Ƙwarai kuwa. Da farko kowa zai ɗaga kai, wani ya gyara riga, wata ta yi murmushin dole. A daidai nan nake karaya in tattara kayana, alhali a nan aikin yake farawa. Babu mai iya riƙe fuskar hoto na dogon lokaci. Aikinsa zai kira shi, abokin hirarsa zai ja hankalinsa, sai kafaɗunsa su sauka, hannunsa ya koma kan abin da yake yi. Ku gaisa, ku faɗi abin da ya kawo ku, ku sami wuri ku zauna. Gaggawa ba ta haifar da ɗa mai ido a wannan aiki.

Ku saita kyamara tun kafin wani abu ya faru. Saurin ɗauka na 1/250 na daƙiƙa yana tsayar da mai tafiya, f/8 kuma, wato matsakaicin buɗin ƙofar hasken gilashi, yana ba ku zurfi, na kusa da na ɗan nesa su fito tas ko da saitin ya ɗan kauce. Ku kashe filasha. Kuma don Allah ku daina duba allo bayan kowace ɗauka. Dariya nawa ta wuce ni ina sunkuye ina yaba wa kaina.

Akwai wanda har yau nake jin kunyarsa. Wani dattijo ya share zufa da bayan hannu, na makara, sai na roƙe shi ya sake. Ya sake, hoton ya yi kyau, aka yaba. Amma wasa ya yi min, ni kuma na nuna shi a matsayin shaida. Abin da ya wuce ku, ku bar shi ya wuce.

Sai batun suna. A 1936 Dorothea Lange, wata mai ɗaukar hoto Ba'amurkiya, ta ɗauki hoton wata uwa da 'ya'yanta a sansanin ma'aikatan gona a Kalifoniya, hoton da ya zama fuskar talaucin Amurka na wancan zamani. Ba ta tambayi sunanta ba. Sai a 1978 duniya ta san cewa Florence Owens Thompson ce, kuma ta koka cewa ko sisi ba ta samu daga hoton ba. Ni ma ina da fuskoki da yawa a ajiye waɗanda ban san ko su waye ba, ba ni da hanyar komawa in nuna musu. Yanzu ina yawo da ɗan littafi: suna, wuri, rana. Wanda ya ce bai yarda ba, a gabansa nake gogewa.