Yadda na tsara labarin yaron da bai ji bari ba

Labarin na 'yan shekara 5 zuwa 8 ne, kalmominsa ba su kai 500 ba, a shafi 24. Adadin shafin yana da dalili: ƙaramin littafin da ake ɗinkewa a tsakiya da waya, shafukansa huɗu-huɗu suke tafiya. Ka kai wa mai ɗab'i 22, sai ya cike maka da farar takarda.

Ga ƙashin bayansa. Damina ce, Inna za ta je unguwa, ta ce wa Ɗanlami kada ya kwance awaki daga turke, don gonar waken maƙwabci tana bayan danga. Gargaɗin sau ɗaya na sa shi, a farkon labarin, haɗe da dalilinsa. Idan uwa ta ce "kada" ba ta faɗi abin da ya sa ba, yara ita suke ɗora wa laifi.

Inda aikin ya fi cin lokaci shi ne dalilin yaron. In taurin kai kawai ya sa ya kwance su, mai sauraro zai ce ai ni ba haka nake ba, ya tsame kansa. Don haka na sa 'yar akuyarsa tana ta kuka, igiya ta naɗe mata ƙafa, tausayi ya kama shi, ya ce bari ya sake ta ta ɗan sha iska. Tana fita, uwar ta fizge tata igiyar ta bi ta. A nan duk yaron da ke ji ya san shi ma zai iya yin haka.

Sai sakamako. A tatsuniya, Dodo ko kura ke haɗiye marar jin magana, kuma yana tafiya daidai, domin kaka tana kallon fuskar jikanta, in ta ga ya firgita ta sassauta. Littafi ba ya sassautawa. Bulala kuma, a ganina, abin da take koya wa mai karatu shi ne kada ya bari a kama shi. Na fi son horon ya fito daga cikin laifin kansa: awaki suka cinye waken, maƙwabci ya yi sallama a ƙofar gida, aka biya ɓarnar da zakaran da Ɗanlami yake kiwo don Sallah, shi ya kuma ɗinke dangar da hannunsa. Babu mutuwa, babu jini, amma rashin zakaran ya yi ciwo.

Daga tatsuniya na ari maimaici. Ya nemi awakin a wuri uku, bakin rijiya, gindin tsamiya, sannan gona, kowane wuri da 'yar waƙa guda mai layi biyu. A na ukun yara da kansu suke amshi.

Hoton ɓarnar na sa shi a shafin hagu, don kada ido ya riga kunne, sai an juya takarda a gan shi. Ban sa shafin "darasin labari" ba. Da na karanta wa yara a bayyane, tun kafin a kai ƙarshe suka fara gardama kan ko zakaran ya kamata a bayar.

Kafin a buga, a nemi samfur a duba ƙ, ɗ da ɓ, don wasu nau'o'in rubutun kwamfuta ba su da su, sai su fito akwati-akwati. In littafin zai shiga Nijar, can ƴ ake rubutawa a inda Najeriya ke sa 'y.