Godiya bayan kwana 19 a gadon likita

Alhamdu lillahi. Jiya bayan la'asar aka sallame ni, na kwana a ɗakina a unguwar Birni ta Damagaram. Kun san yadda ciwon ya faro, ba sai na maimaita ba, jikin ma ba ya ɗaukar dogon zance. Jikata ce ke rubuta mini.

Daren da za a yi mini aiki wuta ta ɗauke, na kasa runtsawa. Abin da ke cin raina shi ne in tafi da haƙƙin ƙanena a wuya. Manyan cikinku sun san zancen. A yunwar 1984, zamanin Shugaba Kunce na Nijar, da aka rufe iyakar Najeriya gero ya yi wuyar samu, na sayar da gonar mahaifinmu ta garin Mirya ban shawarci kowa ba. Tun daga nan ko a jana'iza muka haɗu, sai dai kowa ya kau da kai.

Ina cikin wannan tunani sai na ji ana yi mini fifita. Na zaci autana ne. Can na ji an ce, "Yaya, juyo ka sha ruwa." Shekara 40 rabona da jin wannan kira daga bakinsa. Hannunsa na rawa, ruwan na zuba a wuyan rigata, gemunsa ya yi fari fat kamar na Baba. Na fara neman gafara, ya tare ni ya ce geron da na sayo da kuɗin gonar shi ya riƙe Inna da ƴaƴansa uku har kaka. Wallahi ban taɓa duban abin ta nan ba. Na yi kuka, sannan barci ya ɗauke ni har asuba.

Waɗanda suka taimake ni sun ce kada in ambace su, amma limamin unguwarmu da ya yi ta zarya tsakaninmu, da uwargidata, da yaron mai shayi da ya ba da jini bai san ni ba, Allah Ya biya ku da Aljanna, Ya raya zuri'arku, Ya sa kada ku ga wulaƙanci a tsufanku. Ƴan uwa na Yamai da ko waya ba mu samu ba, Allah Ya sa lafiya ce ta ɓoye ku.

Allah Ya jiƙan Inna da Baba, Ya haskaka kabarinsu. In an cire zare, ni da ƙanena za mu je Mirya. Ya ce kukar bakin gonar tana nan tsaye, ina so in gan ta.