Tayar da ta kusa cinye min inji

Ranar Asabar na kai 'yar motata filin tsere na Silverstone a nan Ingila, da sababbin tayoyi masu laushin roba, irin waɗanda ke manne wa kwalta kamar an shafa musu danƙo. Daɗi kam na ji shi. Kwanar da a da nake shiga ina addu'a, yanzu ko kukan taya babu.

A zagaye na shida, tsakiyar wata doguwar kwana, sai jar fitilar baƙin mai ta ƙifta. Sau ɗaya tak. Gabana ya faɗi, na fita.

Na zaro geji, mai yana nan cif. Wani dattijon bakanike da ke gefe ne ya warware min. Baƙin mai yana taruwa ne a kwanon da ke ƙasan inji, famfo na zuƙo shi ta bututu. Idan taya ta riƙe sosai, ƙarfin kwana sai ya tura man gefe guda, kamar miya a kwanon da aka karkata. Da riƙon ya kai nauyin motar kanta, man kan kwanta da digiri 45. Bututu ya zuƙi iska, karanshaf, wato babban ƙarfen da ke juyawa a cikin inji, na juyi dubu bakwai a minti, a bushe. Daƙiƙu kaɗan sun isa inji ya buga.

Ashe tsofaffin tayoyina da nake rainawa su ke kare ni, don suna zamewa kafin a kai nan.

Shi ya sa irin su Porsche 911 GT3 ke ajiye mansu a tanki daban. Ni kuɗina bai kai can ba, kwano mai shinge a ciki na yi oda. Tayoyin suna gareji sai ya iso.